Abin da Likita Ya Ce da Abin da Na Ce

Bawku, 14 ga Mayu, 1989

Zuwa ga maigidana, Baban Azara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da ɗalibanka da mutanen gidan da ka sauka a Yendi. Yaya ciwon haƙorin da ka koma da shi bayan salla? Mu nan lafiya ƙalau. Azara ta fara haɗa magana, ko wace mota ta tsaya a ƙofar gida sai ta ruga tana kiran Baba. Inna tana gaishe ka, ta ce ka rage cin abincin tasha.

Aikin asibiti yana tafiya. Ka san tun watan Janairu aka ɗauke ni daga gyaran gadaje aka haɗa ni da Baba Issahaku in koyi tafinta, tunda shi a ƙarshen shekara zai ajiye aiki. Ban taɓa ba ka labarinsa sosai ba. Mutumin Salaga ne, siriri, ba ya ɗaga murya. Shekara talatin da biyu yana tsaye tsakanin likitoci da marasa lafiya. Yana jin Hausa da Kusasanci da Mosanci da Dagombanci da Gwanjanci, ga Turanci kamar a ƙasar Turawa aka yanka masa cibiya, alhali bai taɓa zama a aji ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jinkirinsa. Likita zai gama magana, shi kuma sai ya yi shiru yana kallon ƙasa kafin ya buɗe baki. Ni na ɗauka tsufa ne. Har a raina nakan ce da ni ce da tuni na gama.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Kai malamin Turanci ne, ina so ka gaya mini ainihin ma'anar kalmar indicate. Kada ka taƙaita, ka ba ni duk yadda ake amfani da ita.

Ranar Litinin Baba ya tafi Tempane ta'aziyya, aka bar ni ni kaɗai da sabon likitanmu, mutumin Cape Coast, wanda ko sannu bai iya ba tukuna. Sai ga Mma Barikisu, mai shinkafa da wake ta bakin ƙofar asibiti, wadda take ƙara maka ƙwai lokacin da kake zuwa zance wurina. Wani tabo ne fari-fari ya fito mata a damtse, ta ce ya fi wata huɗu. Likita ya sa ta rufe ido, ya shafa auduga a wurin, ba ta ji komai ba. Ya juyo gare ni ya yi doguwar magana. Abin da kunnena ya kama a ciki biyu ne, kalmar nan da sunan cutar kuturta. Sai na ce mata, "Mma, likita ya ce kuturta ce." Ta ce me na ce, na sake faɗa da ƙarfi. Tsakaninmu da bencin masu jiran layi labule ne kawai.

Likita ya ɗan yanki fatar wurin, ya ce za a aika gwaji, sai bayan sati uku. Na gaya mata wannan ma, amma ba na jin ta ji. Ta ɗaura mayafinta ta fita, mutanen benci suna janye ƙafafunsu.

Washegari ta kafa teburinta kamar kullum. Har azahar ba wanda ya tsaya. Na hango ta tana ɗora tukunyar a ka, a cike kamar yadda ta zo da ita. Tun ranar ba ta sake fitowa ba. Baba bai dawo ba tukuna, ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya. Ka ba direban motar Gushegu amsarka, ya fi gidan waya sauri.

Ka gaida mai masaukinka Malam Fatawu da iyalinsa. Allah ya kiyaye mini kai.

Matarka,
Lamisi

Bawku, 25 ga Mayu, 1989

Zuwa ga maigidana, Baban Azara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar kewa, da fatan kana lafiya, aiki kuma yana sauƙi. Na ji daɗi da aka cire haƙorin. Mu duka lafiya, sai ɗan murar Azara, ita ma ta yi sauƙi. An yi ruwa biyu masu kyau, Inna har ta shuka kuɓewa a bayan ɗaki.

Takardarka ta iso ranar Asabar, na gode. Na karanta ta sau uku. Ka ce asalin kalmar nuni ne, kamar mutum ya miƙa yatsa. Ka ce ana faɗarta in abu ya zama alamar wani abu, ana rubuta ta a takardar cikewa in ana so ka nuna shekarunka ko garinku, direba ma in ya kunna sigina ita ce. Ka kuma ja layi a ƙarƙashin maganarka ta ƙarshe, cewa nuni daban, tabbatarwa daban. Sai dai kafin takardarka ta zo, an riga an koya mini wannan, kuma ban sha da daɗi ba.

Baba ya dawo ranar Litinin ɗin da ta biyo. Tun a tasha ya ji labari. Sai ya kama hanyar ofishin likita, ya ce in biyo shi. Ya roƙi likita ya maimaita masa maganar da ya yi ranar, kalma bayan kalma. Ashe cewa ya yi tabon da ba ya jin taɓi yana iya nuna kuturta, yana kuma iya nuna wani abu dabam, don haka sai an gwada. Da likita ya ji abin da na fassara, sai ya ajiye alƙalaminsa ya dafe kai.

Muna fitowa Baba ya tsaya da ni a gindin dalbejiya. Ya ce, "Lamisi, in direba ya kunna siginar hagu, ya sha kwanar ke nan?" Na ce a'a. Ya ce, "To likita sigina ya kunna. Ke ce kika sha kwanar, da baiwar Allah a cikin motar." Ya ce kalmar nan ita ce ta fi kowace wuya a bakin likitoci, don tana tsayawa ne a tsakiya, ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba, tafinta kuwa kullum zuciyarsa tana so ta ƙarasa maganar. Ya ce shirun da nake ganin yana yi, yana tambayar kansa ne: wannan likita ya sani ne, ko zato yake yi? Sai ya tabbatar da wanne ne, sannan ya nemo Hausar da ta yi daidai da nauyinsa.

Babbar Sista ta so ta mayar da ni gyaran gadaje. Baba ya shiga ya ce mata laifinsa ne, wata biyar ina tare da shi bai koya mini abin da ya kamata ya fara da shi ba, in za a hukunta wani a fara da shi. Ina bakin ƙofa ina ji, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Da la'asar muka je gidan Mma Barikisu a zango. Mun same ta a ƙofar ɗaki ita kaɗai. 'Yar'uwar mijinta, Sabuwa, ta riga ta ware mata kwano da moɗa, an ajiye su can gefe a kan dutse. Na durƙusa na ba ta haƙuri, na gaya mata abin da likita ya faɗa na gaskiya. Ba ta dube ni ba. Sai Baba ya ce yana jin ƙishirwa. Sabuwa ta kawo masa ruwa a kofin baƙi, ya ce a'a, waccan moɗar ta kan dutse yake so. Ya ɗebo da kansa ya shanye, ya yi hamdala, ya ci gaba da hira da mijin, Mumuni, kan tsadar tayar keke, kamar ba abin da ya faru.

Kafin mu tashi ya roƙe ta ta koma girki, ko da mudu ɗaya ne, ya ce ya tambayi likita, ko da cutar ce ba ta bin abinci. Ta koma. Kullum da azahar Baba yana zama a bencinta, fuskarsa tana kallon titi, yana ci a hankali don kowa ya gani. Ni ma ina zama. A rana ta uku likita ya fito da cokalinsa a aljihu ya zauna tare da mu. Yanzu mutum biyar ko shida sukan tsaya. Har yau Mma ba ta yi mini magana ba, tana dai zuba mini.

Ka sa ta a addu'a, Allah ya sa gwajin ya zo da alheri. Ina gaida kowa.

Taka,
Lamisi

Bawku, 18 ga Yuni, 1989

Zuwa ga maigidana, Baban Azara,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, jarrabawar ɗalibai kuma ta wuce lami lafiya. Doyar da ka aiko ta iso, Allah ya saka da alheri. Inna da Azara suna lafiya suna gaishe ka. Ka yafe mini jinkirin rubutu, abubuwa ne suka yi yawa, na rasa ta inda zan fara.

Sakamakon ya zo farkon watan nan. Cutar ce.

Zan gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Da likita ya karanta takardar, abin da ya fara zuwa zuciyata daɗi ne. Na ce ashe ban yi ƙarya ba. Ko minti ɗaya bai kai ba, amma Baba ya gani a fuskata. Ya ce, "Ranar da kika faɗa, likita bai sani ba, ke ma ba ki sani ba. Dacewa kika yi, ba fassara ba. Da kin faɗi abin da aka ce, da yau za ta ji a ɓoye, ta sha maganinta ta warke, garin nan bai sani ba." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na ɗauka shi zai gaya mata, sai ya ce ni ce zan faɗa. Ya sa aka kai ta ɗakin ciki mai ƙofa, ita da Mumuni, ya tsaya a bayana. Likita yana faɗa ina bi, ba na wuce shi ko da taku ɗaya. Na ce mata a wannan karon an tabbatar, ba alama ba ce kuma. Na ce an kama ta da wuri, ƙwayoyi ne na wata shida, da zarar ta fara sha ba ta iya shafa wa kowa, kuma likita yana sa ran yatsunta ba abin da zai same su. Ta tambaya, sa rai ya ce ko alkawari? Na juya na tambaye shi. Ya ce sa rai mai ƙarfi, in ba ta tsallake magani ba. Haka na gaya mata. Sai ta gyaɗa kai ta ce to.

Amma gari bai tsaya jin wata shida ba. 'Yan mutanen da suka fara dawowa suka sake gudu. Dangin Mumuni suka haɗu suka ce a mayar da ita ƙauyensu wajen Binduri, a yi mata bukka a bayan gida, 'ya'yanta uku su zauna a hannun Sabuwa. Mumuni mutum ne mai sanyi, ba ya so, amma ba ya iya musu da yayyensa. Aka sa ranar Juma'a bayan an sauko a yanke magana, aka kira liman da dattawan unguwa. Baba ya ce za mu je. Ni na zauna cikin mata a bakin zaure, ina ganin komai.

Baba ya yi musu bayani dalla-dalla, da Hausa, ya maimaita da Mosanci saboda tsofaffin. Sai babban yayan Mumuni ya ce, shi ba ya raina Baba, amma ma'aikacin asibiti abin da aka ce ya faɗa shi yake faɗa. Ya ce shekararsa sittin da biyar a duniya, ya ga masu wannan ciwon a bakin kasuwa ba iyaka, amma bai taɓa ganin wanda ya warke ba. Mutane suka yi ta gyaɗa kai.

Baba ya yi shirun nan nasa, ya ma fi na kullum tsawo. Sannan ya miƙe, ya cire hularsa, ya tuɓe rigarsa a gaban dattawa, ya juya musu baya. Akwai wasu wurare biyu a ƙasan kafaɗarsa, fatar ta ɗan yi haske ta yamutse. Ya ce, "To yau ka gani."

Ya ce yana ɗan shekara ashirin a Salaga abin ya fito masa. Aka kai shi sansanin masu cutar, ya yi shekara huɗu yana shan magani, don na wancan zamanin ba ya sauri kamar na yanzu. A can ya koyi Turanci, a bakin ma'aikatan jinya, yana riƙe musu tire. Da aka sallame shi ya koma gida, ya tarar an ƙone tabarmarsa da kayansa, ba mai ba shi hannu. Mahaifiyarsa kaɗai ke cin abinci da shi. Da ta rasu ya hau mota ya zo Bawku, inda ba wanda ya san shi. Ya ce matarsa Shetu ta sani, don ya gaya wa mahaifinta kafin a ɗaura aure, amma 'ya'yansa shida sai yau za su ji. Ya ce, "Na ci da ku, na yi sahu da ku, na ɗauki jariranku ranar suna. Wanda ya kamu ta dalilina ya tashi ya faɗa."

Ba wanda ya motsa. Liman ne ya tashi ya ɗauki rigar daga ƙasa, ya kaɗe ta, ya sa masa da hannunsa. Sai Mumuni ya ce matarsa ba inda za ta je, wanda ba zai iya shan ruwan gidansa ba ya sha a gidansa kafin ya zo. Ka san Mumuni. Ban taɓa zaton yana da irin wannan muryar ba.

Ba a kyauta Baba ya yi wannan ba. Shetu ta gaya mini akwai waɗanda yanzu in ya miƙa hannu a masallaci sai su dafe ƙirji. Surukan 'yarsa ta Zebilla sun aiko suna tambaye-tambaye. Babban ɗansa ya yi kwana huɗu bai shiga gidan ba. Shi kuwa ko a fuska. Ƙarfe bakwai yana bakin aiki, azahar yana bencin Mma Barikisu. Na tambaye shi ko bai yi nadama ba. Ya ce abin da ya dame shi ɗaya ne, sau nawa a shekara talatin da biyun nan ya fassara wa mutum wannan labarin, yana ganin tsoro a idonsa, yana da abin da zai nuna masa, ya bar rigarsa a jikinsa.

Baban Azara, ka yi karatu, ni ma na ɗan yi, amma ban taɓa zama kusa da mutum irin wannan ba.

Ka kula da kanka. Sai ka zo babbar salla.

Matarka mai kewarka,
Lamisi

Bawku, 17 ga Disamba, 1989

Zuwa ga maigidana, Baban Azara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan lafiya, da fatan an fara shirin hutu. Mu nan alhamdu lillahi. Azara ta ce a gaya maka takalmin ya matse ta. Inna tana fama da gwiwa, amma tana fita.

Albishirinka. Mma Barikisu ta shanye maganinta, ba ta tsallake ko kwana ɗaya ba. Ranar Talata likita ya sallame ta, ni na fassara. Yatsunta goma ras. Ciniki bai koma kamar da ba, wasu sun tafi ke nan, amma tana sayar da tukunya guda kafin la'asar. Jiya da zan wuce ta kira ni da sunana, karo na farko tun watan Mayu, ta ba ni ƙunshin abinci ta ce in kai wa Azara.

Baba ya ajiye aiki ranar Juma'a. An yi ɗan taro, likita ya yi jawabi, har ya haɗa da Hausarsa mai ban dariya. Daga gobe ni kaɗai ce a ɗakin. Ina jin tsoro, na kuma gaya masa. Ya ce ranar da na daina jin tsoron in nemi wani aikin.

Yanzu ga roƙona. Baba zai tafi Salaga. Shekara talatin da uku rabonsa da garin. Yana so ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa, ya ga ko akwai sauran wanda ya san shi. Babban ɗan nasa, wanda ya yi fushi, shi ne ya ce zai raka shi. Za su biyo ta Yendi ranar Alhamis da motar Gushegu, su kwana, da safe su wuce ta Bimbilla. Ya ce a tasha za su kwana, na ce ina da miji a garin.

Ka je ka tarye su. Za ka gane shi, siriri ne mai farar hula, yana riƙe da jakar fata baƙa. Na lura tun watan Yuni ya daina fara miƙa wa mutane hannu, yana jira ne ya ga abin da za su yi, don kada ya sa kowa a kunya. Kada ka bar shi ya jira. Tun daga nesa ka miƙa naka, duka biyun. In an kawo tuwo kuma, ka ce wa matar Malam Fatawu kada ta raba, kwano ɗaya za ku ci.

Allah ya kawo mana kai lafiya. Kowa yana gaishe ka.

Matarka,
Lamisi